Dutsen Da Mai Ƙugiya Bai Auna Ba

Shekara talatin da ɗaya Mai Ƙugiya, kamar yadda ake masa laƙabi, ya yi yana tuƙa injin ɗaga kaya a wuraren gini, ko bulo ɗaya bai taɓa suɓuce masa ba. Dokarsa ɗaya ce, ba ya ɗaga abin da bai san nauyinsa ba. Ko shugaban aiki zai tsage maƙogwaro da ihu, sai ya leƙo ta tagar injin ya ce, "Ban san nauyinsa ba, a auna." Ya kashe injin, ya harɗe hannu abinsa.

A gida kuwa, wannan "ban sani ba" ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba.

Autarsa da ke karatu a jami'a ta zo hutu. Rannan suna cin abincin rana a falo, tsohuwar fanka na ta ƙara, sai ta ce, "Baba, kai da ka san harkar ɗaga kaya, shin Allah zai iya halittar dutsen da shi kansa ba zai iya ɗagawa ba?"

Ya ajiye lomar da ke hannunsa. In ya ce e, ɗagawa ta gagara. In ya ce a'a, halitta ta gagara. Kunya da tsoro suka haɗu suka zame masa faɗa. "Abin da na tura ki koyo ke nan? Tashi ki ba ni wuri!" Uwarta na ba shi haƙuri, shi kuma yana ƙara hawa. Bayan kwana biyu yarinya ta tattara ta koma makaranta, hutu bai ƙare ba. Wadda kullum sai ta kira shi, yanzu mako shida sai dai gaisuwa ta bakin uwarta.

Abin ya ci masa rai. A ganinsa imanin 'yarsa ne ya tsage, kuma amsa ce kaɗai za ta ɗinke shi. Ya tambayi limamin wajen aiki, liman ya ce masa waswasi ne, ya nemi tsari. "Na nema, malam, amma yarinya ba ta kira ba." Mai gadi ya ce a ƙwace wayarta, kamar shi aka tambaya. Daga ƙarshe ya tambayi injiniyan wajen, shi kuma ya miƙo masa yagaggen buhun siminti da biro. "Zana mini da'ira mai kusurwa huɗu."

"Ai babu irinta."

"To haka dutsen nan yake. Ba abu ba ne balle a ce an iya ko an kasa. Kalmomi ne aka jera suna karo da juna."

Sau uku ya sa aka maimaita masa, ya rubuta a takardar buhun. Ranar hutunsa ya hau mota har makarantar, ya zauna a benci a ƙofar ɗakin kwanan mata, gumi na zuba. Tana fitowa, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba, ya buɗe takarda ya karanto mata daga farko har ƙarshe.

"Baba, wannan amsar tana cikin littafinmu," in ji ta. "Tun kafin hutu na rubuta ta a jarrabawa. Ko salla ɗaya ban fasa ba."

Haushi ya turnuƙe shi. "To uban me ya sa kika tambaye ni?"

"Na zaci za ka ce, 'Tan nawa ne dutsen? A auna,' mu yi dariya. So nake in ji yadda kake tunani. Leburori ma kana gaya musu ba ka sani ba. Ni kaɗai ce sai tsawa."

Ya dubi takardar da ya sha wahalar samowa. Ya ninke ta, ya cusa a aljihu, ya matsa gefe a kan bencin.

"Zauna, Auta," ya ce. "Rannan ban sani ba ne, shi ya sa. Sake faɗo tambayar, a hankali."