Lanƙwasar da ta faɗi daga sunan Malam

Sallar asuba kawai muka idar muka fito, ko wuta ban hura ba. Ni ce da 'yata ta biyu, wadda take koyar da Hausa a firamare. Ita ce ma take rubuta muku abin da nake faɗa, domin ni hannuna bai taɓa riƙe alƙalami ba. Kun yi ta tambaya a zauren nan na waya, ina labarin Malam, ina labarin Malam. To ku matso, ga abin da na je cikin Bauchi na gano.

Wadda ba ta sani ba, ta sani. Malam mai gidana ne, tsoho ne, shekaru sun cinye masa tunani. Ya manta gonarsa, ya manta 'ya'yansa, wata rana ma ya dube ni ya ce baiwar Allah wa kike nema. Abu biyu suka rage a kansa: sunansa, da unguwar da aka haife shi, Ƙofar Wambai. Da damina ta kankama, ina bayan ɗaki ina tankaɗe, ya sa hularsa ya fice daga gidanmu na Miri, bai dawo ba. 'Ya'yansa maza sun bi gari, har Ƙofar Wambai ɗin sun je tun a kwanakin farko, ba wanda ya gan shi. An yi cigiya a masallatai, an kai gidan rediyo. Sannan 'yar nan tawa ta saka cigiyar a wani abu na cikin waya da ake kira manhaja, na wata ƙungiyar 'yan sa-kai. Wanda mutum ya ɓace masa ya rubuta, wanda ya tsinci mutum ya rubuta, in suna ya zo ɗaya sai a kira kowa. Waya ta ce an karɓa, a jira. Muka jira, muka jira, har masarar da Malam ya bari tana kan gwiwa ta yi goyo. Na ce ni dai a kai ni in ga wanda ya karɓa ɗin, ido da ido.

Acaɓa muka hau daga bakin titi, ni a tsakiya, ita a baya tana riƙe da ni kamar tulu. An kwana ana ruwa, ramukan hanya sun cika sun batse, duwatsun nan na gefen gari duk sun yi kore. Manyan motoci daga Jos suna wuce mu da kabeji da dankali, suna watsa mana taɓo. Ni kuwa ba hanya nake kallo ba. Duk tsohon da na hanga a gindin bishiya ko a bakin masallaci sai na waiga, sai na sake waigawa, har mai mashin ya ce, "Iya, in kika ci gaba da juyin nan, cigiyar mutum uku za a yi yau." Na so in yi dariya, ba ta zo ba.

Muka isa Wunti kasuwa tana farkawa. Keke na bin keke, mashin na shiga ta ƙarƙashin hammatar mutum, teloli suna kakkaɓe kekunan ɗinki. 'Yata ta matsa sai na ci wani abu, muka tsaya wurin wata mai masa. Masar yanzu ta koma tafin hannun jariri, kuɗinta kuwa ya yi girman na kwanon tuwo, miyar ma sai ka yi rantsuwa kafin a yarda akwai gyaɗa a ciki. Na gutsura kaɗan. Sai na tsinci hannuna yana ƙunshe sauran a leda, domin Malam mutum ne mai son masa, kuma ban taɓa shiga gari na dawo masa hannu sake ba.

Ofishin ƙungiyar yana saman bene, bisa shagunan teloli. Gwiwata ta gaishe da kowace matakala. Muka tarar da wata mace ita kaɗai a gaban na'ura, mutuniyar kudancin jihar nan, da ɗan gicciye a wuya, mai fara'a. Hausarta irin wadda take mai da mace namiji ce.

"Mama, ka zauna. Mene ne sunan Baban?"

Na sunkuyar da kai. Ku matan yanzu ba za ku gane ba, amma mu a namu tashin mace ba ta kama sunan mijinta. Tun aurenmu sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. 'Yata ce ta faɗa a hankali.

Matar ta maimaita, "Dahiru."

Wannan kam zan iya faɗa muku, don ba sunansa ba ne. Nasa yana da nauyi a farko, harshe yana manne wa dasashi kafin ya sake. Wanda ta faɗa fanko ne, kamar an cire wa goro ɓawo an miƙo ɓawon.

Ta nemi cigiyarmu da sunan, babu. Ta nema da lambar wayar 'yata, sai ga ta. Na ga fara'ar ta bar fuskarta. Ta juyo da gilashin na'urar wajenmu. Ni ban san baƙi ba, amma na ga wani abu a farkon layin, kamar lauje a tsaye da ɗigo a ƙarƙashinsa. Na ce wannan fa? 'Yata ta ce, "Inna, alamar tambaya ce. Ita ake sawa in ana tambaya." Na ce to wa ya tambaye su? Mu da muka zo da suna, sai a mai da mana shi tambaya?

Matar ta ja kujera kusa da ni ta yi mini bayani, ni kuma ga yadda kaina ya ɗauka. Wayar da ke hannunmu 'yar aike ce kawai. Abin da aka rubuta, ƙunshe shi take yi ta kai wa wata babbar na'ura da ke can nesa, inda ake ajiye komai. Wayar tana ƙulla ƙunshin da ƙulli irin na zamani, wanda ya san haruffan kowane harshe. Babbar kuma tana kwancewa da tsohon hannu, wanda haruffan Turawa kaɗai ya sani, domin ba wanda ya gaya mata da wane ƙulli aka ƙulla. Duk harafin da ta ga yana da lanƙwasa a ka, irin namu na ƙasa da ɗaki da ɓera, sai ta jefar da shi ta dasa laujen nan a gurbinsa. Ashe a wurinta baƙaƙenmu baƙi ne, ba ta san su ba, ba ta kuma ce ba ta san su ba. Cewa take an karɓa.

Ta ce sun koya wa na'urar cewa mai lanƙwasa da marar lanƙwasa 'yan'uwa ne, in ta ga ɗaya ta haɗa shi da ɗaya. Amma namu bai isa da ransa ba balle a haɗa shi da kowa. Na ce to me ya sa ba ku gani ba tuntuni? Ta ce da suka gwada abin, da sunayensu suka gwada, kuma yawancin mutane ba sa wahalar da kansu, marar lanƙwasar suke dannawa su wuce. "'Yarka ne ya rubuta daidai, Mama. Shi ya sa."

Na dubi 'yata. Yarinyar da ta sa aka saka mata haruffan nan a waya musamman, wadda take mayar wa ɗalibai da littafi in suka yar da lanƙwasa ɗaya, ta ce sunan ubanta ba za ta rubuta shi gurgu ba. Na ga ta tura wayar cikin jaka kamar ta ɗauko garwashi.

Matar ta miƙo mini ruwan leda, ta koma ta yi ɗan danne-danne. Ban kai ga shanye ruwan ba ta ce ta gyara, layi ɗaya ne dama ya rage a rubuta wa na'urar. Layi ɗaya. Ni da na kwana nawa ina jin ruwa yana dukan kwano ina cewa ko Malam yana da abin rufa. Ta ce waɗanda suka riga suka lalace kuwa sai an bi su da hannu, ta gangaro da su muna gani. 'Yata tana karanta mini a ƙasa-ƙasa: ga Ƙasimu ba kai, ga Ruƙayya an huda ta a tsakiya, ga Yaƙubu. Kowane lauje da gidan da ake jira.

Sannan matar ta shiga ɓangaren waɗanda aka tsinta, ta buga fankon sunan nan. Sai ga shi. Wani mai wankin hula a Ƙofar Wambai ya rubuta tun makonnin baya cewa ga wani tsoho a wurinsa, bai san gida ba. Aka kira lambarsa, a kashe. Ban san lokacin da na sauko daga benen nan ba, gwiwar ma ta manta da ciwonta.

Keke muka ɗauka. Hanyar ta yi ta tsukewa, ta yi ta tsukewa, har muka shiga tsohon gari, inda gida yake jingine da gida, kwata tana bin tsakiyar lungu, masu gyaran takalmi da masu sayar da itace kowa a bakin zaurensa. Ina tafe ina gyara ƙunshin masar, ina shirya faɗan da zan yi masa. Muka yi tambaya, aka nuna mana rumfar mai wankin hula. Magidanci ne mai furfura jefi-jefi, huluna a kife kan kututturan itace suna jiran rana. Kafin in yi sallama idona ya faɗa kan ta ƙarshen layi. Zanna ce mai ruwan ƙasa, da ɗinkin baƙin zare a gefe inda ɓera ya taɓa ci. Ni na yi ɗinkin.

Ya bi idona da kallo, ya ajiye burushin hannunsa. "Iya, ke ce iyalinsa?"

Na ce ni ce. Yana ina?

Ya shimfiɗa mana tabarma tukuna, daga nan na san amsar. Ya ce Malam ya iso unguwar ba takalmi, bayan yaranmu sun riga sun zo sun wuce. Ya zauna a dakalin wani shagon kayan waya, ya ce gidan ubansa ne an kulle shi a waje. In aka ce daga ina kake, sai ya ce daga nan. Mai unguwa ya sa aka yi shela, dattawa suka tuna da wasu mutane da suka sayar da gidan suka tashi tun da daɗewa, amma ba wanda ya san inda suka nufa. Shi mai wankin hular ya ɗauke shi ya ba shi zaure, suna ci tare, suna zuwa Juma'a tare. Ya sa cigiya a manhajar, wayarsa ba ta da masu lanƙwasa, ya danna wanda ya samu. Kullum yana duba ko an kira.

"Mai shagon nan ɗan Kudu ne," in ji shi, "in ya kira shi da irin nasu bakin, ko waigowa ba ya yi. Wai ba shi ake nufi ba."

Na ce haka yake. Na ce sai me ya faru?

Ya ce makon jiya ne ya karɓi hular don ya wanke masa, ta yi taɓo. Da safe suka dawo daga masallaci, Malam ya ce innarsa ta aike shi, yanzu zai dawo. Kafin ya jiƙa sabulu ya leƙo, babu shi. Sun bi lunguna har azahar. Wani ya ce ya ga tsoho ba hula wajen hanyar Gombe, wani ya ce a'a, wajen tashar jirgin ƙasa ne. "Iya, wallahi da an kira ni ko sau ɗaya, da a bayana zan goyo shi in kawo miki."

Na je na zauna a dakalin nan. Siminti ne mai sanyi, ba abin da ya rage a kai. 'Yata ta tsuguna a gabana ta ce, "Inna, da na rubuta shi yadda kowa yake yi." Na ce rufe bakinki. Sunan da kakanki ya raɗa masa kika rubuta. Wanda ya gina rumbu bai auna shi da hatsin garin ba, shi za a tambaya. Na faɗa mata haka don ta tashi, sannan ni ma na miƙe.

Mun bi hanyar Gombe har inda gidaje suka fara ƙarewa, mun dawo ta tashar jirgin, muna nuna hotonsa a waya. Kowa ya duba ya girgiza kai ya ce Allah ya bayyana. La'asar ta yi, hadari ya haɗo daga gabas, muka kamo hanyar Miri. Ruwa ya same mu a kan mashin. Na tura hular cikin zanina, a ƙirji, ina tunanin kan da ya kamata ta rufe. Da muka iso na ba jikoki masar, ta yi sanyi ta yi tauri, suka cinye ba su tambayi ta wa ce ba. Hular na rataye ta a ƙusarta.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, kuma ba mai daɗi ba ne. Da na ɗauka mutum a daji yake ɓata, ko a kasuwa. Ashe yana ɓata a tsakanin waya da na'ura, alhali yana zaune a zauren mutanen kirki yana cin tuwo, mu muna nan muna kuka, gari ɗaya. Na koyi cewa in abu ya ce an karɓa, a je a ga me aka karɓa. Ku masu 'ya'yan da suke ƙera irin waɗannan abubuwa, ku ce musu su gwada da sunayen iyayensu kafin su miƙa wa jama'a.

Saura abu ɗaya. Na ce wa 'yata ta rubuta shi yadda zan faɗa, da lanƙwasarsa. Malam dogo ne, siriri, da tabon lauje a babban yatsan hagu, kansa ba hula. In kun gan shi kada ku tambaye shi gida, zai ce muku nan ne. Ku kira shi da cikakken baki, ku riƙe hannunsa, ku faɗa a zauren nan. Abin da ban taɓa faɗa ba ina amarya, ban faɗa ba ina goyo, yau na faɗa da furfura a gaban jama'a: sunansa Ɗahiru.

In wayarku ta nuna muku lauje da ɗigo a farkon sunan, ba tambaya ba ce. Mijina ne.