Na Hana 'Yata Komawa Asibiti

Lokacin zafi ne, irin zafin Doha da ko ƙarfen ƙofa ka taɓa sai ya ƙona ka, kuma shekarar ta zo da tsoro. Ko'ina maganar wata cutar numfashi ake, wadda aka ce daga raƙuma ake ɗaukarta. Ni baƙuwa ce a lokacin, na zo daga gida yi wa 'yar farina wankan jego. Ma'aikaciyar jinya ce, suna zaune a unguwar Madinat Khalifa ita da mijinta. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da shi nake rubuto muku.

Da hutun haihuwarta ya ƙare aka kira ta aiki, sai na ce babu inda za ta. Ban ɗaga murya ba, ba halina ba ne. Na dai ce in ta kwaso wa jaririn nan cuta a rigarta, kada ta zo mini da kuka. Ta ce nan ba gida ba ne, wanda ya zauna ba a biyansa, kuma takardar zamanta a ƙasar da aikin take ɗaure. Na ce a garinmu ma'aikaci yakan yi damina guda a gona albashinsa na tafiya, a samo likita ɗan gida ya rubuta mata takardar rashin lafiya. Tsakanina da ita akwai kunyar ɗan fari, ko sunanta ba na kamawa, ita ma ba ta taɓa musu da ni ba. Ta ɗauki jaririnta ta shiga ɗaki, na ɗauka ta yarda.

Da ƙafata na je wajen likitan, abokin mijinta, da dambun nama a leda. Ya karɓi dambun ya yi godiya, ya ce takarda kam khalas, wato a bar maganar, don ranar da aka gano, shi da ita jirgi ɗaya za su hau. Sannan ya ce in bincika wa ke riƙe da aikin 'yata kwanakin nan.

Ashe ƙawarta ce, wata Kirista 'yar Jos, ita ma da goyon wata biyar. Ita ke haɗa aikin mutum biyu tana ba shugabarsu haƙuri. Da yamma ta zo gidan, ta ƙi shigowa sai da ta wanke hannu ta sauya riga a bakin ƙofa. Ta rame, idonta ya faɗa. Ta gaishe ni da Mama, ta tambaye ni cikin dariya ko jikana na zinariya ne, nata ɗan na roba. Sannan ta ce Lahadi ce ƙarshe, in 'yata ba ta koma ba za a rubuta cewa ta gudu daga aiki.

Ban ce tsorona ƙarya ne ba, har gobe uwa ce ni. Kuskurena shi ne na auna ƙasar wasu da mudun garinmu, kuma na yi amfani da kunyar yarinya na rufe mata baki. Iyaye mata 'yan'uwana, ɗan da ba ya musu da ke, ki tambaye shi sau biyu. Kuma duk wanda kika zaunar a inuwa, wani ne ke tsaye a rana a madadinsa.

Washegari da asuba na goge wa 'yata farar rigar aikinta, na ajiye bokiti da sabulu a bakin ƙofa. Na ce ta faɗa wa 'yar Jos ta riƙa kawo mini nata ɗan, bayana zai ɗauki biyu.