Ƙwaryar Ruwan da Ban Sha Ba

Shekarar da fari ya ci gero tun yana tsaye, samarin Gazawa duk sun tsallaka Najeriya, ni na ƙi. Ina da kilé guda, wato sifana, da waya mai tsawo, da tiyo tsofaffi da na tsinto bayan dispansar, ɗan asibitin garin, na yi ta kwancewa ina ɗaurawa har na gane kansu. Ba wanda ya koya mani! Amma ba wanda ya kira ni, don mutane na cewa mai taɓa shadda, wato masai, ba a cin tuwo da shi.

Sai wata tsohuwa, uwar wani ɗan kasuwa, ta aiko. Gidansu na da makewayi na siminti, tiyo ya toshe, wari ya cika tsakar gida. Ina dubawa na gane. Tiyon nan ruwa mai yawa yake so, su kuwa tunda rijiya ta ja ƙasa, ɗan moɗa guda suke zubawa, abin ya bushe ciki kamar tubali.

Ta kawo mani ruwan baƙo a ƙwarya. Maƙogwarona kamar an zuba rairayi, amma na aje shi a inuwa na rufe da faifai.

"Kai yaro, ruwan namu ne bai yi maka ba?"

"Ya yi, Inna. Sai an jima."

"An jima! Jikata tun asuba take layin rijiya, shi ko sai an jima."

Na san in ta fita da wannan magana, na gama aiki a garin nan.  Na shimfiɗa tsohon kwano, duk abin da waya ta jawo bisa kansa yake sauka, ko ɗigo ban yarda ya taɓa ƙasar da ake daka ba. Na sa aka janye turmi. Na kori kaji, suka dawo, na sake kora. Ita tana tsaye kaina tana mita.

Da tiyon ya buɗe, na kai kwanon bayan gari na binne. Na goge waya da kilé da rairayi mai zafi. Sannan na roƙi toka, na ɗauko ƙwaryar, na cuɗe hannu har gwiwa, na bi farce ɗaya-ɗaya, a bakin tiyon, don ruwan ya gwada mani aikin. Muka ji shi yana sauka, ƙululu!

 Ta leƙa ƙwaryar, babu ko ɗigo.

"To mi za ka sha?"

"Na isa gida, Inna."

"Ji shi! Ka mutu a zaurena a ce ni ce?"

Ta shiga ɗaki ta ɗebo daga tulunta. Ban gama sha ba ta ƙwala wa ɗanta kira, ta ce ya matsa, a akushinsa zan sa hannu.