Innata babu fuska

Ina shiga shagon Ngozi a Nasarawa Gwom na tarar da Innata zaune a kan tabarma. Ta daɗe da rasuwa.

Ngozi maƙwabciyata ce, tana haɗa surar mutane da tsumma da zare. Zannuwan Inna na kai mata, ta tufka, ta ɗinke, har ranƙwafawar Inna in tana tsince shinkafa ta fito. Fuskar kawai ta rage, farin ƙyalle ne a wurin.

Ngozi ta ce, "Anti, kawo hoto in gama fuskan."

Na ce hotonta ɗaya ne, ya ƙone tare da gidanmu lokacin rikici.

"To faɗa min yadda yake. Idon, hancin."

Na san kowane zani a jikin surar nan, har wanda ta ɗaura ranar da muka gudu. Amma fuskar matar da ta haife ni ta ƙi zuwa.

Na ce ta bar ta haka.

Ku da kuka rasa iyaye, in kun rufe ido kuna ganinsu, ko ni kaɗai ce?