Ƙwayar Safe da Kunun Kanwa

Komai zan iya mantawa a duniyar nan, ban da jegon da 'yata ta yi a ɗakina. Jikar da ta haifa mini yanzu har ta shiga firamare, amma abin na nan a raina kamar jiya aka yi.

Shekara biyu kafin aurenta aka yi mata aikin maƙoƙo a birni. Suka cire abin da ke wuyan gaba ɗaya, suka ce daga ranar sai dai ta riƙa shan wata 'yar farar ƙwaya kullum da safe har ƙarshen rayuwarta, ita za ta riƙa yi wa jiki aikin abin da aka cire. Yarinya ta riƙe maganinta kamar salla. Ta yi goyon cikinta lafiya, ta sauka lafiya, aka kawo mini ita wankan gida a ƙauyenmu na gefen Gezawa, ana tsaka da yankan gero.

Washegari da sassafe na ga ta haɗiye ƙwayar da ruwa zalla. Na ce, "Ke, me kika ci?"

Ta ce, "Inna, haka likita ya ce. Sai ciki ba komai, kuma in jira kamar awa guda kafin in karya."

"Shi likitan ya taɓa yin jego? Mai jego da magani a cikin yunwa, so kike hanjinki ya tsinke?"

Ni fa a lokacin ba a ja da ni. Haihuwa tara na yi, jegon rabin matan unguwa ta hannuna ya bi. Na karɓe maganin na jefa a kwalla na rufe. Kullum in ta fito daga wankan darbejiya sai in dama mata kunun kanwa mai kauri, in miƙa mata farar ƙwayar haɗe da jar nan ta ƙarin jini da aka ba ta a wajen awo, ta kora da kunun. Ta ɗora da awara, ta bi da fura da nono. Sau biyu ta sake yi mini maganar, na harare ta, ba ta ƙara ba.

Wajen mako na huɗu ta fara canzawa. Fuska ta kumbura, fata ta bushe, gashi na zuba a matashi. Ana zafin nan na kaka ita tana ƙudundune a bargo. Ruwan nono ya ja baya, jaririya sai kuka. Maƙwabta suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, cewa na yi son jiki ne irin na 'yan yanzu, har na faɗa mata a gaban mutane.

Ana saura kwana uku arba'in, da hantsi, ina surfe a tsakar gida na ji jaririya ta tsala kuka, sai kuma kukan ya shaƙe kamar an toshe mata baki. Na yar da taɓarya na faɗa ɗakin. Uwar na zaune, barci ya kwashe ta tana shayarwa, ta kife a kan 'yar. Na fizgo jaririyar, fuskarta har ta yi duhu, da ƙyar ta ja numfashi. Na girgiza uwar, na kira ta, na sake kira. Ta buɗe ido a hankali, da wata murya mai kauri da ban san ta da ita ba ta ce, "Inna, sanyi nake ji."

Maigidana ya baro gona ya nemo mana adaidaita sahu. Duk tsawon hanyar birni kan mai jegon na kan kafaɗata, ina ta tsungulinta don kada ta rufe ido. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A asibiti aka ba ta gado, aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito, likitar, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ta ce, "Mama, jininta ya nuna kamar wadda ta daɗe da barin maganinta."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ni da hannuna nake ba ta, ko fashin kwana ɗaya ba a yi ba." Na zayyana mata komai, har da alfaharina.

Ta ajiye biro. Ta ce maganin ƙarin jini da nono da waken suya, har da kanwar, tare ƙwayar suke yi a ciki su hana jiki ya zuƙe ta yadda ya kamata. Shi ya sa ake shan ta ita kaɗai, a kuma ba da tazarar awa huɗu kafin na ƙarin jinin. Ta ce da mun ƙara jinkiri, barcin nan zai iya zama wanda ba a tashi. Sannan ta juya wajen mai jegon ta ce, "Ba a yi miki wannan bayanin ba?"

'Yata ta sunkuyar da kai, ta ce, "An yi mini. Ni ce na manta."

Wallahi da marina ta yi da ya fi mini sauƙi. Tana kwance a gadon da na kai ta, kuma tana rufa mini asiri. Na ce, "Likita, ba ta manta ba. Sau uku ta faɗa mini, ni na hana ta."

Ta warke a hankali cikin 'yan makonni, amma ruwan nono bai dawo ba, da madarar gwangwani aka raini jikata. Na nemi gafararta, ta ce ba komai, ni dai na san da komai. Abin da na koya shi ne, haihuwa tara ba ta sa na san ciwon da ban taɓa yi ba. Tun daga ranar, in mai ciwo ya ce mini ga yadda aka ce ya sha maganinsa, ruwa kawai nake miƙa masa in ja bakina in yi shiru.