Kifin da surukina ya mayar teku

Kifin na ta mutsu-mutsu a hannuna, tsawonsa ya kai kamu guda, na kira matata Hajiya a waya na ce, "Ɗora tukunya, yau akwai farfesu."

Jiya ke nan da la'asar, a bakin tekun Jidda. Mijin 'yata, haifaffen nan, shi ya matsa mu je kamun kifi, don ya ji a Yawuri na tashi, bakin Kwara.

Ya karɓi kifin, ya zare ƙugiyar a hankali, ya ɗauke mu hoto. Sai ya sunkuya ya sake shi cikin ruwa.

Na ce, "Malam Bashir, suɓuce maka ya yi?"

Ya ce, "La, Baba, ai mun kama, khalas, shi ke nan. Mu don nishaɗi muke yi."

"Nishaɗin wa? Naka ko nasa?"

Ya yi dariya. Kunyar suruki ta hana ni ƙarawa.

A gida na miƙa wa Hajiya wayar ta ga hoton. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Alhaji, ruwa ya tafasa. Wayar zan jefa?"

Jama'a, wanda ya gane irin wannan kamun ya fahimtar da ni, don har yanzu ban samu amsar da zan ba ta ba.