Lakar da Ok-bun ta ɗebo

Shekara arba'in da ɗaya Pyo Ok-bun tana shiga lakar bakin teku a kan katako, gwiwa ɗaya bisa, ɗaya ƙafar tana tunkuɗawa, tana tono dodon koɗi. Da wannan sana'a ta yi jinyar miji har ya rasu, da ita ta kai ɗanta jami'a a birnin Gwangju. Baki gare ta, ko uwar mijinta sai da ta sallama mata.

Tun da matatar mai ta kafa bututunta a ƙarshen mashigi, lakar ta sauya. Daga sama lafiya lau, teku na wanke ta sau biyu kullum. Amma zura hannu har gwiwa, sai ka fito da baƙin abu mai warin kananzir, ba tsutsa ba ƙaguwa.

Hukuma ta aiko mai gwaji, wani dattijo mai tabarau da kwalabe shida. Taku uku ya yi, laka ta haɗiye masa takalmi. Ba mai isa bakin bututu sai matan katako, su kuwa duk Ok-bun suke bi.

Shugaban ƙauye, Ma Deok-su, ya ja ta gefe.

"Yaya, ɗebo masa ta sama, can gabas. In aka ce ta gurɓata rufewa za a yi. Me za mu ci?"

"Kai Deok-su, ni na goya ka kana shafa mini majina a baya. Yau kai za ka nuna mini laka?"

"Abincin gari guda ne fa, Yaya."

"Jikata ta ci koɗin nan, kwana uku tana amai. Kai kana ci? Na ga matarka a kasuwar birni tana sayo muku na wani gari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ta karɓi kwalaben, ta hau katakonta ta miƙe sai bututu. Da ta dawo, hannunta baƙi ƙirin har kafaɗa. Mai gwaji ya buɗe kwalba ɗaya cikin waɗanda ta ciko, ya kau da kai saboda wari.

Bayan wata biyu aka kafa allon hana tono. Matan da suka tsufa tare suka daina amsa gaisuwarta. Wannan ya yi mata ciwo ƙwarai, ta sha kuka a ɗaki, amma ba wanda ya gani. Ɗanta ya ce ta komo wurinsa, ta ce ba ta iya kwana inda ba a jin teku.

Yanzu duk safiyar da ruwa ya janye, takan shiga ita kaɗai, ta ciko bokiti daga bakin bututu, ta kai ƙofar matatar man ta dire.

"Kaka, yau ma?" in ji mai gadi.

"Kayanku ne kuka bari a gonata. Ka ce musu da saura."